Mai Gadi Ya Busa Usur, Shin Maigida Yana Farke?



Idan akwai sana'ar da mutanen Zongo ba su bukatar wani ya koya musu ita, to gadi ne. Tun shekarar 1873 da Kyaftin Glover ya kwaso dakarun Hausawa daga Ikko ya kawo su yaƙin Turawa da Asante, sunan Bahaushe ya haɗu da aikin tsaro a ƙasar nan. Bayan da Malam Amadu Futa ya sami fili a hannun mutanen Osu a farkon shekarun 1930 aka fara zama a Nima, da yawa daga cikin iyayen da suka cika unguwar, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, leburori ne da kukuku da masu gadi. Da an idar da sallar magariba sai ka ga dattijo da bargo a kafaɗa, ga tocila, ga kulki, ga buta, ya nufi Cantonments ko Ridge ko Airport domin ya kwana a ƙofar gidan wani. Da ɗan wannan albashi aka yi ɗakunan da muka tashi a ciki, da shi kuma aka biya kuɗin makarantar da ta mai da wasunmu malamai.

To, dukiyar da ake gadi ta yi ƙaura. A 1995 ne kamfanin Network Computer Systems na Dokta Nii Quaynor ya haɗa Gana da intanet, a 2009 kuma MTN ya fara harkar kuɗi ta wayar hannu, watau Momo. Yau mai sayar da waakye a bakin titin Nima da Momo take karɓar kuɗinta, albashin malami ta waya yake faɗowa, sunan ɗalibi da sakamakon jarrabawarsa suna cikin kwamfuta, hatta wutar lantarkin da muke kunnawa sai wata kwamfuta can wani ofis ta yarda an biya kafin mita ta saki. Ɓarawon wannan dukiya ba ya haura katanga, ba ya jiran dare ya raba, kuma mai yiwuwa ne yana wata ƙasa da ba mu taɓa jin sunanta ba.

Wanda yake ganin wannan zancen bankuna ne da manyan ma'aikatu kawai, sai ya tuna da ƙarshen watan Satumba na 2022. A lokacin ne na'urorin sayar da wutar mita na kamfanin ECG suka tsaya cik, jama'a a Ankara da Kumasi da wasu garuruwa suka yi ta layi kwana da kwanaki da kuɗinsu a hannu amma babu halin saye. Masu firijin kifi da nama da ƙanƙara sun san abin da suka yi asara. Hukumar PURC ta ba da umurni a biya masu mita diyya, daga baya kuma shugabannin kamfanin suka faɗa da bakinsu cewa harin masu kutse ne, irin wanda ake shiga a kulle wa mutum bayanansa a ce sai ya biya fansa. Ba a yanke waya ko ɗaya ba, ba a sace taransifoma ba, amma gidaje suka kwana cikin duhu.

Saboda irin wannan ne aka ƙera wasu na'urori na musamman da ake girkawa a mashigar hanyar sadarwa ta ofis ko banki ko makaranta. A ido ba su da wani kwarjini: akwati ne na ƙarfe, wani bai wuce girman littafin rajistar aji ba, da 'yan fitilu suna ƙyaftawa. Wayar da ta fito daga waje tana shiga cikinsa, sa'an nan wata ta fita ta raba wa kwamfutocin cikin gida. Ke nan duk abin da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta zaurensa.

Aikin farko da aka ba irin wannan akwati shi ne na katanga da ƙofa, abin da masu sana'ar ke kira fayawal. Saƙo a intanet ba ya tafiya a dunƙule, ana yayyanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin inda ya fito da inda za shi da lambar ƙofar da yake nema. Kwamfuta ɗaya tana da irin waɗannan ƙofofi sama da 65,000. Katangar tana riƙe da takardar doka: wannan ƙofa a buɗe take, waccan a rufe, baƙo daga wuri kaza ya wuce, daga wuri kaza ya koma. Amma katanga ba ta buɗe jakar baƙo. Idan ya zo ta ƙofar da aka halatta, da suna mai kyau, wucewa zai yi ko me ya ɗauko.

Daga nan aka ga ana bukatar mai gadi na sosai, watau na'urar gano kutse. Ita tana leƙa cikin ƙunshin ne, kuma hanya biyu take bi wajen gane mugu. Ta farko, an ba ta kamannin ɓarayin da aka riga aka sani, kamar yadda ake liƙa hotunan waɗanda ake nema a caji ofis. Kowace muguwar manhaja tana da tabo nata, da na'urar ta ga tabon sai ta busa usur. Raunin wannan hanya a fili yake: sabon ɓarawon da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba zai yi mata sallama ya wuce, shi ya sa dole kullum a riƙa aiko mata da sababbin hotuna. Hanya ta biyu ita ce ta tsohon mai gadi wanda ya shekara ashirin a gida ɗaya. Ya san ƙarfe nawa maigida kan dawo, ya san tafiyar kowane yaro, saboda haka in ya ga ana fitar da akwatuna ta ƙofar baya ƙarfe uku na dare ba ya bukatar hoto kafin ya san da matsala. Ita ma na'urar takan ɗauki kwanaki tana nazarin yadda ofis ya saba aiki. Ranar da kwamfutar akawu ta fara aika tarin bayanai zuwa wata ƙasa da tsakar daren Lahadi, sai ta yi kuka. Matsalar wannan kuwa yawan kuka. Maigida ma in ya dawo a lokacin da bai saba ba, usur za a busa masa.

Akwai kuma wadda aka ba kulki, watau na'urar hana kutse. Ita ba ta tsaya ga usur ba, da ta ga abin zargi sai ta datse hanyar nan take. Wannan yana da daɗin ji, sai dai mai gadin da ke da ikon duka wata rana zai doki surukin maigida. Banki ba ya so a datse cinikin halal da rana tsaka, don haka sau da yawa ma'aikata kan kashe wannan ɓangare su bar usur kaɗai. Yawancin akwatunan da kamfanoni irin su Cisco da Fortinet da Check Point da Sophos ke sayarwa yanzu sun haɗa ayyukan nan uku wuri ɗaya.

Mu a ganinmu, kafin a yi zancen wane akwati ya fi wane, ya kamata a san yadda aka kama wani mai kutse da ya yi suna a duniya, domin babu akwati ko ɗaya a labarin. A 1986 wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll yana kula da kwamfutocin wani ɗakin bincike na gwamnati a Berkeley, jihar Kalifoniya ta Amurka. A wancan zamani ana cajin masu amfani da kwamfuta kuɗi gwargwadon lokacin da suka ɓata, sai aka ga lissafi bai daidaita ba da santi 75, ko dala ɗaya bai kai ba. Wani da ya ce a bar shi, kuskuren inji ne. Shi kuwa ya bi diddigi har ya gano wani baƙo ne ke shigowa ta wayar tarho, yana ratsawa ta wurinsu zuwa kwamfutocin sojan Amurka. Ya jona injinan buga takarda a kan layukan domin su rubuta duk abin da baƙon ya taɓa, ya riƙa kwana a ƙarƙashin teburinsa, ya yi wajen wata goma yana wannan gadi alhali hukumomin tsaro da farko ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A ƙarshe aka bi sawu har birnin Hanoba na Jamus ta Yamma, aka kama wani mai suna Markus Hess wanda ke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet abin da ya kwaso. A daidai waɗannan shekaru ne wata malama, Dorothy Denning, ta fitar da tsarin da aka gina na'urorin gano kutse a kansa. Abin da take nema shi ne inji ya ɗauke wa mutum wahalar zura ido dare da rana. Yanke hukunci kan abin da aka gani kuwa yana nan a wuyan mutum.

Ga abin da kan faru idan an manta da haka. Kamfanin kantuna na Target a Amurka ya sayi na'urar gano kutse ta FireEye a kan dala miliyan 1.6, ya kuma ajiye ma'aikata a birnin Bangalo na Indiya suna duba ta ba dare ba rana. A ƙarshen 2013 ɓarayi suka shigo da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai gyara musu na'urorin sanyaya ɗaki. Na'urar ta gan su, ta busa usur a ranar 30 ga Nuwamba, ta sake busawa bayan kwana biyu. Mutanen Indiya suka sanar da hedkwata. Hedkwata ba ta motsa ba, kuma ɓangaren na'urar da ke iya goge muguwar manhajar da kansa an riga an kashe shi. Aka kwashe lambobin katin banki na mutane miliyan 40, shugaban kamfanin ya sauka daga kujerarsa a 2014. Mai gadi ya yi aikinsa, maigida ne ya ja bargo.

Na Babban Bankin Bangaladash kuwa ya fi ban takaici. A watan Fabrairu na 2016 ɓarayi suka shiga kwamfutocinsa suka aika wa Niyok takardun biyan kuɗi na kusan dala biliyan ɗaya. Sun zaɓi daren Alhamis ne domin sun san Juma'a ranar hutu ce a can, kuma sun lalata injin da ke buga takardar shaidar kowane ciniki don kada a gani da wuri. Dala miliyan 81 ta sulale zuwa ƙasar Filifin. Wata dala miliyan 20 da aka nufi Siri Lanka da ita ta tsira ne saboda ɓarayin sun yi kuskuren harafi a sunan wanda za a biya, wani ma'aikacin banki mai ido ya tsaya tambaya. (Ɗalibanmu da ke raina darasin rubutu sai su ji.) Da 'yan sandan ƙasar suka bincika, suka ce bankin ba shi da katangar tsaro, kuma akwatunan da ke haɗa kwamfutocinsa kwance ne na dala goma-goma. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

A nan gida hukuma ba ta zauna ba, gaskiya ɗaya ce. Babban Bankin Gana ya fitar da umurnin tsaron kwamfuta ga bankuna a watan Oktoba na 2018. Majalisa ta yi Dokar Tsaron Intanet mai lamba 1038 a 2020, wadda ta haifi Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, CSA, a watan Oktoba na 2021. An ware fannoni 13 da aka ce su ne jijiyar ƙasa, cikinsu har da wuta da ruwa da lafiya da banki, aka wajabta musu kai rahoton kutse cikin awa 24. A watan Mayu na 2023 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dokta Mahamudu Bawumia, ya buɗe wata cibiya ta Babban Banki mai suna FICSOC, inda kukan na'urorin bankuna ke taruwa wuri ɗaya, ma'aikata na zaune suna saurare. A lura da abin da aka gina a nan: ɗaki ne da mutane a ciki.

Amma wa ke gadin namu? Ku bi titin Nima daga randabawul zuwa Maamobi ku ƙirga: masu canjin kuɗi, masu shirya tafiyar Hajji da Umra da ke riƙe da hoton fasfo na ɗaruruwan mutane, ƙananan asibitoci da shagunan magani, makarantun Islamiyya masu zaman kansu da suka sami kyautar kwamfutoci, shagunan buga takardu da cike fom, masu odar kaya daga Dubai da Sin. Babu ko ɗaya cikinsu da ke jerin jijiyoyin ƙasa, amma Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Abin da muka sha gani a irin waɗannan wurare shi ne, an kira wani yaro ya haɗa intanet shekara biyar da ta wuce, ya bar kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita daga masana'anta, wadda duk mai so zai iya samu a intanet cikin minti ɗaya. Kwamfutar da ke riƙe da asusu da wayoyin baƙi da na 'yan bes ɗin da ke shan ataya a ƙofar shago duk a kan wayifai ɗaya suke. Wannan gida ne da aka bar makulli a jikin ƙofa.

Wasu alhazanmu kuma, da sun ji tsoro sai su tafi ɗaya gefen. A kawo musu akwati mai tsada a girka, su biya, hankali ya kwanta. Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu a aljihu akwai tambayoyi. Sababbin hotunan ɓarayin nan da muka ambata ba kyauta ake aiko su ba, lasisi ne da ake sabuntawa, galibi shekara-shekara kuma da dala, mu kuwa mun ga yadda sidi ya yi a 2022. Ranar da lasisi ya ƙare fitilun za su ci gaba da ƙyaftawa kamar da, alhali mai gadin ya makance. Sa'an nan idan na'urar ta yi kuka, wayar wa kukan zai shiga, kuma ƙarfe nawa zai duba? In an ɗauke wuta fa? Shi mai sayarwar yana da lasisin CSA, tun da hukumar ta fara ba masu wannan sana'a lasisi a 2023? Wanda ya kasa amsa waɗannan, kwalliya yake sayarwa.

A kuma sani shi kansa akwatin kwamfuta ne, yana iya tsagewa, kuma da yake a bakin ƙofa yake shi ɓarayi kan fara lalube. A 2023 kamfanin Barracuda ya gaya wa masu amfani da wani akwatinsa na tace wasiƙu cewa waɗanda aka riga aka shiga ba su gyaruwa, a cire su a sa sababbi. Gyaran da masana'anta ke aikowa lokaci-lokaci ba abin jinkiri ba ne. Cutar WannaCry da ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150 a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris. Waɗanda suka toshe sun kwana lafiya.

Ga ƙaramar makaranta ko shago, mu dai shawararmu a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A canja kalmar sirrin akwatin intanet, a raba hanyar baƙi da ta ofis, a riƙa kwafe muhimman bayanai a wani faifai da za a cire a kulle a durowa, domin mai neman fansa ba shi da ta cewa ga wanda ke da kwafi. Bayan haka, tsohuwar kwamfuta mai ramin waya biyu tana iya zama mai gadi idan aka ɗora mata pfSense tare da Snort ko Suricata, waɗanda duk kyauta ne. Snort ɗin nan mutum ɗaya ne, Martin Roesch, ya rubuta shi a 1998 ya sake wa duniya, kamfanin da ya gina a kansa kuwa Cisco ya saye shi a 2013 a kan dala biliyan 2.7. Kuɗin da aka rage a akwati sai a biya wanda zai riƙa duba littafin rajistarsa.

Akwai ɓarnar da babu akwatin da zai tare ta, kada wani ya ruɗe ku. Wanda ya bugo wa Hajiya waya ya ce ya tura mata kuɗi bisa kuskure, ko ya ce daga ofishin Momo yake ta faɗa masa lambarta ta sirri, bai yi kutse a kwamfutar kowa ba, da bakinta ya shiga. Haka nan ma'aikacin da ke da makulli na halal. Rahoton zamba da Babban Banki ke fitarwa shekara-shekara ya sha ambaton hannun ma'aikatan bankuna a ciki. Da ɗan gari akan ci gari.

Saura magana mai ɗaci, kuma gara mu faɗe ta da kanmu. Kalmar da duk Gana ke kiran zambar intanet da ita, watau sakawa, daga harshenmu aka are ta, kuma tun zamanin da shagunan intanet suka yawaita a shekarun 2000 ake jingina ta da Nima da Maamobi, har yaron kirki kan ji nauyin rubuta adireshinsa a takardar neman aiki. Ba mu musun cewa wasu 'ya'yanmu sun shiga, kuma ba mu yarda a shafa wa unguwa duka baƙin fenti ba. Abin da muka sani a matsayinmu na masu riƙe da alli shi ne, yaron da ya iya haƙurin zama gaban kwamfuta har asuba, wanda ke lura da abin da bai daidaita ba, shi ne ainihin wanda ɗakunan tsaro irin na FICSOC ke nema. Bankuna da kamfanonin waya da duk ma'aikatun da doka ta wajabta wa tsaro suna bukatar masu sauraron usur, kuma aikin na dare da rana ne, bi da bi, kamar dai na kakanninsu. Cibiyar Kofi Annan ta koyon fasahar kwamfuta da ke Ridge tana nan tun 2003, tafiyar trotro ɗaya ce daga Nima. Asusun Raya Zongo da aka kafa da dokar 2017 ya kamata ya ji daga bakin sarakunanmu da limamanmu cewa bayan kwalbati da filin ƙwallo, muna son kujerun karatu a wannan fanni, na maza da na mata. Kwamitocin makarantu kuma da suka karɓi kyautar kwamfutoci su sa malami ɗaya da ɗalibai biyu ko uku su riƙa buɗe rajistar akwatin kowace Litinin suna karanta wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin mako. Za su sha mamakin yawan baƙin, da nisan ƙasashen da suka fito.

Wanda aka yi wa kutse ko zamba ta waya, ko yake shakkar wani saƙo kafin ya taɓa shi, yana iya kiran CSA ko ya aika musu saƙo a lamba 292. A yi da wuri, kafin a goge komai daga wayar ko kwamfutar, domin abin da ke ciki shi ne shaida.